Kason Ɗan Tsuntsu

Da sunan Allah nake farawa, wanda Ya rarraba harsuna tsakanin bayinSa, Ya ba kowace al'umma nata. Abin da zan bayar a nan labarin zamana ne a birnin New York, inda na tafi biɗar ilmi bayan furfura ta gama cin kaina.

Sunana Isuhu, mutumin Katsina ne ni, kuma rayuwata duka na ƙare ta ne ina koyar da nahawun Hausa a kwalejin horar da malamai. Sa'ad da na ajiye aiki, wata jami'a ta can ta karɓe ni in karanta kimiyyar harshe. Tallafin da suka yanka mini bai isa ya ɗauke ni ba, saboda haka na sayar da gonar da na gada wurin mahaifina. A fuskokin ƙannena na ga ba su ji daɗi ba. Na gabatar da wannan ne domin mai karatu ya san nauyin da ke bisa kaina: in na komo ba takardar shaida, to, na komo ke nan ba gona, ba ilmi, ba kuma bakin magana a gidanmu har in mutu.

Jirginmu ya sauka filin JFK da la'asar. Wani Ɗan'asabe ne zai tarye ni, wanda na riga na aika wa kuɗin kama ɗaki ta hannun wani sani. Na tsaya bakin ƙofar fita cikin babbar rigata ta shadda, akwatin tufafi a dama, na littattafai a hagu. Na kira lambarsa, ba ta shiga. Na tsaya har waɗanda muka sauka tare suka watse, wasu suka sauka, su ma suka watse. Har ran da na bar Amirka ban sa Ɗan'asabe a idona ba, na kuwa bar shi da Allah.

Ina nan tsaye sai wani dogon mutum baƙi ya matso, yana kaɗa mabuɗin mota a yatsa.

"Salamu alaikum, Baba. Tun ɗazu nike kallonka. Mi ya hwaru?"

Daga jin bakinsa na san mutumin Maraɗi ne, maƙwabcinmu. Na gaya masa sunan wanda nake jira. Ya yi tsaki, ya sunkuya ya ɗauki akwatin littattafan, kana ya dire shi da sauri.

"Baba, duwatsu ka kawo muna? Akwai su nan da yawa. Bon, taho mu tahi. Wanga da kake jira, ba kai ka hwara jiranshi nan wurin ba."

Sunansa Ilu, direban tasi ne. Ya kai ni Harlem, titi na 116, wani ɗaki bisa shagon tela inda yake zaune da 'yan ƙasarsu uku masu tallar agogo da jakunkuna a titi na 125. Ya bar mini gadonsa, shi ya shimfiɗa katifa a ƙasa. Ban roƙe shi ba, bai kuma taɓa ambata abin ba. Kafin mako ya zagayo sun laƙa mini suna Furofesa, ba don girmamawa kaɗai ba. In na gama cin abinci na ture kwano gefe, kamar yadda na saba tun ina magidanci, sai Ilu ya ce, "Furofesa, nan Amirka ne hwa. Kowa shi ka wanke kwanonai." Na koyi wanke kwano ina da jikoki.

A jami'a aka haɗa ni da wata malama Baturiya, wadda na tabbata na girme ta da nisa. Na zo mata da shirina a rubuce, cewa zan yi aiki kan ginin jimlar Hausa, abin da na fi kowa sani a wannan gini nasu. Ta karanta, ta yaba, sa'an nan ta ce ƙa'idar sashensu ita ce ɗalibi ya fara bayyana ginin harshen da bai taɓa ji ba, daga bakin mai harshen. Wanda ya rage ba a ba kowa ba shi ne harshen Tokelau. Na ce ban san wannan ƙasa ba. Ta jawo taswira, ta sa bakin alƙalami a tsakiyar tekun Pasifik, inda ni ban ga kome ba sai shuɗi. Ta ce tsibirai uku ne ƙanana, ba filin jirgin sama, sai a jirgin ruwa ake isa, mutanensu kuwa ba su kai na unguwa guda ta Katsina ba. A duk birnin New York mutum ɗaya ta sani mai jin harshen sosai, wani tsoho da ke zaune wurin 'yarsa a Far Rockaway.

Na fito raina a ɓace. Na sayar da gonar ubana ne don in koyi maganar masunta? Amma ba a gardama da mai riƙe da alƙalami. Ran Asabar na shiga jirgin ƙasa mai harafin A daga titi na 125, ya bi da ni ƙarƙashin birni har na fid da rai, kana ya fito sarari, ya hau bisa ruwa. Ni da ban san ruwan da ya wuce na tafki ba, na runtse ido ina salati har muka ƙetare.

Tsohon sunansa Hakaliya, wato Zakariya a bakinsu, da Zakariya kuwa zan riƙa kiransa. Kakkauran mutum ne, kansa fari sol, da hannuwa kamar faifai. A tsibirinsu shugaban masunta ne, kuma yana cikin dattawan da ke yanke shawarar gari. Matarsa ta rasu, sai 'yarsa Maliya, wadda ke aikin jinya a wani asibiti, ta ɗauko shi. Ya dube ni daga hula har takalmi, ni ma na dube shi. Da Ingilishi muka gaisa, irin na makarantar da, wanda ni da shi kaɗai muka rage muna yi a birnin. Ya ce Isuhu ai Yusufu ne, su kuwa Iohefa suke cewa, daga ranar kuma na zama Iohefa. Da azahar ta yi na nemi wurin salla, sai ya fita tsakar gida, ya dubi sama, ya miƙa hannu ya nuna mini alƙibla. Daga baya na gwada da na'ura, na tarar bai kauce ba. Shi Kirista ne, amma bai taɓa barin a gitta gabana ina salla ba.

Ba zan ɓoye ba, harshen ya kama ni tun makon farko. Mu Hausawa mai aiki muke gabatarwa, aikin ya biyo baya, mu ce jirgi ya zo. Su kuwa galibi aikin suke sa wa gaba, mai shi ya biyo: kua hau te vaka, wato "ya zo, jirgin". Gaban aikatau akwai 'yar kalma mai riƙe da lokaci: "na" ga abin da ya wuce, "kua" ga abin da ya riga ya tabbata, "ka" ga mai zuwa. In aikin ya faɗa kan wani abu, sai su liƙa wa mai aikin alama, ƙaramar "e", ta yadda ko an sauya musu wuri a jimla ba a ruɗewa tsakanin wanda ya ci da wanda aka ci. In kuwa suna son ɗaga wani suna a gan shi, sai su ciro shi gaba su sa masa "ko". Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne yadda suke furta harafin "fa". Sa'ad da ya koya mini godiyarsu, fakafetai, sai na ji ta fito kusan kamar a bakin Ilu, hwakahwetai. Na ce ikon Allah, ga teku bakwai tsakani, ga leɓe ɗaya.

Amma aiki da Zakariya ba sauƙi. Hanyar da aka koya mana ita ce ka shirya jimla, ka ce wa mai harshe ya juya maka. Shi kuwa ba ya yarda da jimlar da ba ta da uwa ba ta da uba. Wata rana na ce, "Yaya za a ce, mutumin ya kama kifi ya cinye shi kaɗai?"

Ya ce, "Ba a cewa."

Na ce, "Nahawu ai bai hana ba."

Ya ce, "Wane mutum ne? Ɗan gidan wa? Faɗa mini sunansa."

"Ba kowa ba ne, misali ne kawai."

"To, ka nemo misalin mutumin kirki, Iohefa. Wannan ba zan sa shi a bakina ba."

Na tara gajerun jimloli masu yawa ta haka, da ja-in-ja. Da na kai wa malama sai ta ce ginshiƙi ne mai kyau, amma ba ya tsayar da aiki. Abin da ake bukata doguwar magana ce mai gudana, inda za a ga yadda ganga, wato yankin jimla, ke hawa kan ganga, yadda suke ɗaura dalili da sharaɗi da abin da ya biyo baya. Wannan kuwa ba ya fitowa sai mai harshe ya saki jiki yana ba da labari. Maliya ta ce mini babanta ba ya sakin baki sai a bakin ruwa. Saboda haka na fara bin sa gaɓar teku da safiyar Asabar, inda wasu duwatsu suka miƙe cikin ruwa, shi yana jefa ƙugiya, ni ina zaune can baya riƙe da na'urar ɗaukar magana, iska tana cika mini riga.

A nan ya kamata in faɗi halin da nake ciki a lokacin. Abin da ya rage a hannuna ya yi ƙasa ƙwarai, har na mai da cin abinci sau ɗaya a yini. In su Ilu suka kira ni ga akushi da rana sai in ce na ci a makaranta. Ban gaya wa kowa ba, kuma ina zaton ba wanda ya lura.

Asabar ɗin da abin ya faru, kifi ya yi kyau. Muka komo gida da bokiti cike. Zakariya ya shimfiɗa leda bisa wani tebur a bayan gidan, ya wanke hannu, ya shiga kasa kifin kashi-kashi. Bai yi gaggawa ba. Ya ɗauke wannan ya mayar can, ya yanka babba biyu, ya ja da baya ya duba, ya sake gyarawa. Kana ya tsaya ƙyam, ya ɗaga murya kamar mai shela a kasuwa, ya shiga kiran sunayen mutanen benen da suke zaune ciki. Wata gwauruwa 'yar Jamaika ta sauko ta ɗauki nata. Wani mai 'ya'ya da yawa ya ɗauki babban kashi. Har wani Bature mai ɗaurarriyar fuska, wanda ban taɓa jin ya gai da kowa ba, ya zo ya ɗauka ya juya. Na ce a raina, tsohon nan mai sadaka ne, Allah Ya ba shi lada. Sai na ji ya ce, "Iohefa!"

Na duba, ga kashi guda ya rage, yana nuna mini shi.

Abin da ya zo mini shi ne, tsohon nan ya ga yunwa a fuskata, ya jera ni cikin mabukatan unguwa, ya kuma kira sunana da ƙarfi kowa yana ji. Ni da almajiraina suka zama shugabannin makarantu, a miƙo mini kifi a leda in ratsa gari da shi? A gidanmu ko yaro aka hore shi da kada ya nuna kwaɗayi a gidan mutane. Na haɗa hannu a ƙirji, na ce cikin ladabi, "Na gode, amma a ƙoshe nake. A ba wanda ya fi ni bukata."

Ya sake cewa, "Iohefa."

Na ce, "Wallahi na yafe."

Ya naɗe kashin a leda, ya ɗaure bakin da zare, ya shige ciki. Na tafi gida ina ganin na fita kunya.

Asabar ta gaba ya karɓe ni, ya ba ni kujera, ya sa aka kawo mini shayi. Na kunna na'ura, na yi tambaya. Ya amsa da Ingilishi. Na sake, ya sake. Na roƙe shi ya faɗa da harshensu, sai ya ce, "Yau ba ni da shi." Bai kira ni bakin ruwa ba, ranar da ma bayanta. In na iso sai in tarar ya riga ya je ya komo, teburin bayan gida a wanke. Ko sunan Iohefa ya daina, sai Mista Isuhu.

Na kai kuka wurin Ilu, ban dai gaya masa tushen abin ba. Ya ce, "Tsoho da tsoho, mi za a yi in ba goro ba? Kai mishi tsaraba." Na sayi goro fari a shagon 'yan Nijar, na haɗa da kilishi da wata hula da na zo da ita ban taɓa sawa ba. Zakariya ya karɓa da hannu biyu, ya yi godiya. Da Ingilishi ya yi ta. Wannan ya fi mini ciwo bisa a ce ya mayar mini da kayana.

Ganye ya zube, sanyi ya shigo, irin wanda ke ratsa shadda kamar ba a sa kome ba. Malama ta kira ni ofis. Ba ta yi faɗa ba, ta dai ce in zangon karatu ya ƙare ba doguwar magana a hannu, ba ta da abin da za ta kare ni da shi gaban hukumar sashe, tallafi zai tsaya, takardar zamana kuma tana rataye da shi. Na tambaya ko akwai wani mai harshen. Ta ce sai dai New Zealand.

A makon nan ne na yi waya da ƙanena. Bayan gaisuwa ya ce, "Yaya, karatu dai lafiya?" Na ce lafiya lau. Sa'an nan ya ce wanda ya sayi gonar ya sare tsamiyar da ke tsakiyarta. A gindin tsamiyar nan mahaifinmu yake hutawa in rana ta take, a nan kuma na fara haddace karatu. Na ce masa ai gonarsa ce, ya yi yadda ya so. Bayan sallar azahar na zauna a masallacin titi na 116 har aka kira la'asar, ban iya tashi ba. Ranar ce kaɗai na lissafa komawa gida hannu wofi, na ga kaina ina shiga zaurenmu, ƙannena suna yi mini sannu da zuwa ba mai duban idona.

Ana nan sai Maliya ta kira ni ran wata Laraba. Ita a New Zealand aka haife ta, ba ta kuwa kwana-kwana a magana.

"Malam, ka zo ka kwashe kifinka. Firizata ta daina rufuwa."

Na ce, "Wane kifi?"

"Ka zo dai."

Na je. Ta kai ni kicin, ta buɗe. Ledoji ne jere, kowace an ɗaure bakinta da zare, sun cika wurin har sun turo ƙofa. Ta ce tun daga ranar nan, duk Asabar ɗin da babanta ya yi rabo sai ya kasa nawa, ya kira sunana ga maƙwabta suna ji, ya jira, kana ya ɗaure ya kawo nan.

"Na ce masa ya ba gwauruwar nan ta sama, ya ƙi. Na ce mu dafa, ya ce in na taɓa zai bar mini gidan. Ko naman yarana ba ni da inda zan sa. Ku biyun nan duk kanku ɗaya, wallahi kun gajiyar da ni."

Na ce, "'Yata, ni ban saba karɓar sadaka ba."

Ta riƙe ƙugu. "Wa ya ce maka sadaka ce? Inati ne." Ta bayyana mini cewa a tsibirinsu, in maza suka fita kamun gayya, duk abin da aka samo a fili ɗaya ake zube shi, a kasa bisa yawan kawunan kowane gida, a kira suna. Limamin coci da jaririn da aka haifa jiya, mai ƙarfi da gurgu, wanda ya fita teku da wanda ya kwana a gida, ba wanda ake tsallakewa. "Ba a tambayarka ko kana jin yunwa. Wanda ya ƙi kasonsa, ya ce ke nan shi ba ɗan garin ba ne, ko kuwa yana gaba da mai rabo. Kai kuwa a gaban mutane ka ƙi. Kason da aka kira sunan wani a kansa, shi ba ya iya ci, ba ya iya bayarwa."

Har gobe ban ce na yi laifi ba, domin abin da aka hore ni da shi na yi. Shi ma abin da aka hore shi da shi ya yi. Sai dai na tuna watandar da mukan yi da jajiberin salla, a yanka sa, a kasa nama, attajiri ya aiko a ɗaukar masa nasa ba tare da jin kunya ba. Na ce, "A wurinmu ma akwai irin wannan. Amma kowa sai ya zuba nasa kafin ya ɗauka. Ni me na zuba? Ko ƙugiya ban taɓa riƙewa ba."

"Ba ka zuba kome ba."

Zakariya ne, yana tsaye bakin ƙofar kicin, ban san tun yaushe ba. Ya ce a wurinsu akwai wanda ake kira tamamanu, ma'anarsa ɗan tsuntsu. Shi ne baƙon da ya sauka tsibiri ba shi da ƙasa, ba dangi, ba mai fita masa teku. Irin wannan ba a jiran ya zuba, kuma kasonsa ba ya faɗuwa, domin in ya faɗi, garin ne ya ji kunya.

Na ce, "Ni da furfurata, ɗan tsuntsu?"

Ya ce, "Ni ma da tawa. Wa na sani a garin nan? Mutanen benen nan ba su san sunan ubana ba, ni kuwa in ban kasa kifi na kira sunaye ba, ban san ko ni wane ne ba. Ran da ka shigo da wannan tantin da kake sawa, kana ta ɗaga kai kamar ba ka jin tsoro, na ce wa Maliya ga irina ya zo. Sai ka tsaya gaban mutane ka ce ba ka cikinmu. To, maganar gari ta 'yan gari ce. Me zan gaya maka da ita?"

Na naɗe hannun rigata bisa kafaɗa, na shiga ciro ledojin ɗaya bayan ɗaya. Maliya ta kawo manyan jakunkuna biyu. Da na cika su na ɗaga, sai na dube shi na ce, "Fakafetai."

Ya ce wani abu mai tsawo da harshensu, wanda ban kama ko rabinsa ba. Maliya ta yi dariya ta ce, "Cewa ya yi ran Asabar ka zo da wuri, kuma ka sa wando mai kauri."

Haka na ratsa New York daga bakin teku har Harlem, cikin babbar riga, da jakar kifi a kowane hannu, ƙanƙara tana narkewa tana ɗiga bisa takalmina. Mutanen jirgi suna matsawa, ni kuwa na zauna kaina a ɗage. Ilu na ganina ya riƙe baki.

"La ilaha illallahu! Furofesa, yaushe ka koma Basarke mai kamun kihi?"

Na ce ya kira mutanen gidan duka, har tela da ke ƙasa. Na kasa kifin bisa yawan kawuna, na kira sunan kowa. Ilu ya karɓi nasa yana cewa, "Yau kam Furofesa ya ci a makaranta da gaske." A nan na gane ashe sun daɗe da lura.

Duk tsawon sanyin nan Zakariya ya yi magana. Da teku ta ƙi shiguwa sai muka koma gefen taga, shi yana gyaran ƙugiyoyi, ni ina ɗauka. Ya ba ni labarin yadda ake karanta igiyar ruwa, da shekarar da guguwa ta haye tsibirinsu aka ɗaure yara a jikin itatuwa, da yadda ya fara ganin matarsa tana saƙar tabarma. Jimlolin da na yi wata da watanni ina farauta suka zo da kansu, dogaye, masu rassa, ganga bisa ganga. Sau da yawa nakan manta da aikin in bi labarin, sai na koma gida in zauna rarrabe su. Malama ta saurari kashin farko, ta cire tabarau ta ce, "Yaya ka yi ya buɗe baki haka?" Na ce kifi na karɓa. Ba ta gane ba, ban kuma ƙara mata bayani ba.

Da ɗumi ya fara komowa sai ciwo ya kwantar da shi. Maliya, da yake aikinta ne, ta san abin da ke nan, ta kuwa gaya mini ba ɓoye-ɓoye. Na kammala rubutu yana kwance. Na tsaya gaban malamai suka yi mini tambayoyi, suka fita, suka komo suka miƙo mini hannu. A shafin farko na aikin sunansa ne a sama da nawa, na kuma yi gardama a kan haka har aka bar shi.

Asabar ta ƙarshe kafin in taso, na tafi yi masa sallama. An jawo gadonsa kusa da tagar da ke duban bayan gida. Ya rame ƙwarai, hannuwan nan sun zama ƙashi. Na nuna masa takardar, ya shafa ta, ya mayar mini. Kana ya yi wa Maliya ishara. Ta fito da bokiti, kifi ne ta sayo a kasuwa bisa umurninsa, tun da ba mai fita teku.

Ya ce, "Maliya ba ta iya ba. Kai ka gani sau da yawa."

Na fita bayan gida, na shimfiɗa leda, na wanke hannu. Na kasa kamar yadda na ga yana yi, na ja da baya na duba, na gyara. Sa'an nan na tsaya ƙyam, na ɗaga murya da harshen Tokelau, ni Bakatsine, na kira gidajen ɗaya bayan ɗaya. Gwauruwar nan ta sauko tana share ido. Mai 'ya'ya ya zo. Baturen da ba ya gaisuwa ya ɗauki nasa, ya tsaya gaban tagar ya cire hula, kana ya tafi. Na kira gidan Zakariya, Maliya ta karɓa. Tebur ya zama wayam, na fara naɗe leda.

Sai na ji ana ƙwanƙwasa gilashin taga. Maliya ta buɗe. Ya ce da ita wani abu, ta koma ga kason gidansu, ta ware kifi biyu ta ajiye gefe bisa teburin. Ashe na kasa kowa na manta kaina. Ya yunƙura ya ɗaga kai daga matashi, ya tattara abin da ya rage masa na murya.

"Iohefa!"

Na amsa da ƙarfi, yadda duk benen zai ji, na miƙa hannu biyu na ɗauka.

Labarin rasuwarsa ya iske ni a Katsina, ban daɗe da sauka ba. Allah Shi ne masanin bayinSa, Shi ya san abin da tsohon nan ya yi wa baƙo. Iyakar abin da na gani ke nan, na kuma rubuta shi yadda ya faru.